Daga Kebbe Zuwa Kujerar Matuƙin Jirgi: Ina Hanyar Ke Yankewa?

Yaron da ya tashi a Kebbe ko Kuchi, yawanci saninsa da jirgin sama bai wuce rakiyar alhazai zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato ba. In ya ce yana son zama matuƙi, amsar da yake samu ita ce aikin 'ya'yan masu kuɗi ne. Akwai gaskiya a maganar, amma ta rufe tambayar da ta fi amfani: a wace gaɓa ce masu wannan buri suke tsayawa?

Gaɓar farko tana sakandare. Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. Ɗalibin da aka karkatar zuwa ajin adabi don makarantarsu ba ta da malamin fiziks, an yanke masa hukunci tun yana ɗan shekara sha biyar, ba da saninsa ba. Turancin ma na baki ake so, domin da shi matuƙi ke magana da masu kula da zirga-zirgar jirage, kuma dokar ƙasa da ƙasa ta ajiye mataki na 4 na ƙwarewar Turanci a matsayin mafi ƙaranci.

Sai gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya: ido, kunne, zuciya. Wanda ba ya bambance ja da kore ba zai samu lasisin jigilar fasinja ba, komai ƙwazonsa. A ganina wannan gwaji ya kamata a fara yi, tun kafin uba ya sa gona ko shanu a kasuwa.

Lasisin hawa-hawa ne. Na tuƙin ƙashin kai yana buƙatar kamar awa 40 a sama, na kasuwanci awa 150 zuwa 200, na kyaftin ɗin jirgin fasinja kuma awa 1,500. Sai dai ramin da ya fi cin mutane yana bayan lasisin kasuwanci. Ɗalibi ya koyi tuƙi ne da ƙaramin jirgi, kamfani kuwa Boeing 737 yake tashi da shi, kuma kowane irin babban jirgi yana da takardar ƙwarewa tasa daban. Ana yin horonta ne a na'urar kwaikwayon tuƙi, sau da yawa a ƙasar waje, da dala. A zamanin Nigeria Airways kamfanin ne ke ɗaukar matasa ya horar da su. Tun da ya rushe a 2003, nauyin ya fi komawa kan ɗalibi. Kamfani na neman mai awoyi, awoyi kuma ba sa taruwa sai da aiki.

Kano ta ɗanɗana wannan. A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi. Niyya ce mai kyau, sun kuma dawo da lasisi, amma da dama sun daɗe suna jiran aiki, alhali a lokacin kamfanonin Max Air da Azman suna tashi daga Kanon. An biya kuɗin hanya har bakin kogi, ba a tanadi na fito ba.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da wata ƙofa: Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, inda Rundunar Sojan Sama ke zaɓen waɗanda za ta koya wa tuƙi da kuɗin gwamnati. Gurbin kaɗan ne, kuma soja za ka zama tukuna. A Zariya ma ana koyar da injiniyancin jirgi da kula da zirga-zirgar sama, sana'o'in da ba a cika ambata wa yaranmu ba.

Ina kira ga gwamnatin Jihar Sakkwato da wakilan mazaɓar Kebbe da Tambuwal: in za a ɗauki nauyin ɗalibai, gara biyar da za a kai har takardar ƙwarewa, da yarjejeniya da kamfanin da zai karɓe su, da hamsin da za a bari a rabin hanya. Kafin nan kuma, a kai malaman fiziks makarantun Kebbe.