Haɗa Bayanai Masu Zurfi: Wa Ke Yanke Hukunci?

Galibin manhajojin yau suna ajiye saitunansu ne a tsarin mabuɗi da ƙima: a rubuta suna, a ɗora masa abin da yake ɗauke da shi. A fayilolin JSON da YAML, ƙimar kanta kan zama wani tsarin mai nasa mabuɗan, kamar akwatunan lefe, ƙarami cikin babba. Wahalar tana zuwa ne idan aka tashi haɗa biyu su zama ɗaya, misali saitin asali da wanda mai gudanarwa ya gyara.

A ce ƙarƙashin mabuɗin "rumbu" akwai "adireshi" da kuma "ƙofa" mai lamba 5432. Mai gudanarwa ya kawo nasa fayil, ba abin da ya sa a "rumbu" sai "ƙofa" 6543. Idan aka haɗa su da Object.assign na JavaScript, ko da alamar | wadda Python 3.9 ya zo da ita a 2020, sabon "rumbu" zai danne tsohon ɗungurungum, adireshin ya ɓace ko gargaɗi babu. Wannan haɗin sama-sama ke nan. Haɗi mai zurfi kuwa yana kutsawa ciki hawa-hawa: inda ya tarar da tsari a ɓangarorin biyu sai ya maimaita aikin a kansu, inda ya tarar da lamba ko rubutu sai na biyu ya maye gurbin na farko.

Har nan kowa ya yarda. Saɓanin yana kan jeri. Ga jeri mai Kano da Zariya, ga wani mai Maraɗi kaɗai. Aikin merge na Lodash, wani ɗakin karatun JavaScript, yana bin gurbi ne, don haka zai ba da Maraɗi da Zariya, jerin da babu wanda ya rubuta. Ɗakin karatun deepmerge, in ba a sauya masa saiti ba, zai jera ukun duka. Ƙa'idar RFC 7396 ta 2014 kuma ta ce jerin na biyu ya share na farko, Maraɗi kawai za ta rage. Kubernetes, tsarin sarrafa kwantenonin manhaja, ya bi wata hanyar: a jerin kwantenoni yana daidaita su ne da sunansu, ba da gurbinsu ba. Kowanne yana da hujja, domin amsar tana ga ma'anar jerin, ita kuwa ma'ana ba a rubuce take a cikin fayil ba.

Haka batun null yake. A RFC 7396 umarni ne na goge mabuɗi, kuma Helm, manhajar girka abubuwa a Kubernetes, ma haka yake ɗaukarsa, wanda ke nufin ba za ka iya sa wa mabuɗi ƙimar null ta wannan hanyar ba. A ganina wannan ne ya sa JavaScript da Python suka tsaya a haɗin sama-sama, kuma sun kyauta: hukunci ne da ya kamata mai rubuta manhaja ya yanke da kansa, ya kuma rubuta shi a fili.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. A JavaScript, mabuɗin __proto__ hanya ce zuwa ga tushen da kusan kowane abu ke gado daga gare shi. Idan haɗi mai zurfi ya karɓi JSON daga baƙo, ya bi wannan mabuɗin ba tare da tantancewa ba, maharin zai iya dasa ƙima a tushen, ta bayyana a ko'ina cikin manhajar, har da inda ake duba ko mutum shugaba ne. Olivier Arteau ya bayyana wannan hari a taron NorthSec a 2018. Lodash ya toshe wata kafar a siga ta 4.17.5, ya sake toshe wata a 4.17.12, ɗakin karatun jQuery kuma ya gyara nasa aikin haɗin, extend, a siga ta 3.4.0 a 2019. Mai rubuta nasa aikin haɗin dole ya tsallake __proto__ da constructor da prototype, ko ya zuba bayanan baƙo a cikin Map, inda mabuɗi ba ya kaiwa ga tushen gado.