Makarantun En'en Sakkwato da Rabon Ƙasar Gobir a Cikinsu

Cikin En'e-En'en Arewa, uku aka saba ambata wajen girma, watau Kano da Barno da Sakkwato. Ta Sakkwato tana da gundumomi fiye da arba'in, tun daga iyakar ƙasar da Faransawa ke mulki a lokacin, wadda ita ce Nijar a yau, har dazuzzukan Zamfara a kudu. Duk abin da za a yi wa talakawan wannan ƙasa mai faɗi, rijiya ce, ko ɗakin shan magani, ko makaranta, daga Baitulmali guda yake fitowa. Makarantun nan kuwa ba iri ɗaya ba ne. An jera su ne hawa-hawa, kowane hawa da irin ma'aikacin da ake so ya fitar, kuma hawan da yaro zai taka ya danganta ƙwarai da nisan garinsu daga fadar Sarkin Musulmi. Wanda ke son ganin haka a fili, sai ya dubi ƙasar Gobir, watau Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu irin su Gangara.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar nan ba ta rasa makaranta ba. Akwai ta allo, inda yaro ke fara babbaƙu da farfaru har ya sauke Alƙur'ani, akwai kuma ta ilmi, inda manya ke ɗaukar fiƙihu da nahawu da tafsiri a zauren malami. A cikin ƙasar Gobir Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karantarwarsa a Degel, kuma kufan Alƙalawa, babban birnin Gobirawa da aka ci a 1808, yana nan kusa da Sabon Birni. Waɗannan makarantu ba su cin ko anini daga Baitulmali. Sadaka da kuɗin Laraba da noman almajirai ke riƙe da su, shi ya sa babu ƙauyen da ya yi musu nisa.

Turawa suka ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903. Da yake sun yi alkawari ba za su taɓa addini ba, sai suka hana 'yan mishan buɗe makarantu cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, nauyin boko duka ya faɗo kan Gwamnati da En'e. Razdan Burdon ya fara wata 'yar makaranta a Sakkwato a 1905 domin 'ya'yan sarakuna. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano, ya kasa ta kashi-kashi: na 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da na yara masu fara karatu, da na masu koyon sana'a. Daga nan aka ɗauki irin aka shuka a larduna, kana Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Bayan an haɗa ma'aikatun ilmi na Arewa da Kudu a 1929, sai aka tsai da tsarin da tsofaffin ma'aikatan En'e suka tashi a cikinsa, watau elementare a ƙasa, Midil a tsakiya, Kwaleji a bisa.

Elementare ita ce makarantar gunduma, kuma yawanci a garin uban ƙasa ake gina ta, ginin ƙasa, azuzuwa kaɗan. Shekara huɗu ake yi, da Hausa ake koyarwa. Ana koyon karatu da rubutun boko, da lissafi, da addini da Larabci, da tsabta, da ɗan aikin gona ko na hannu. Littattafan karatu daga Zariya suke zuwa, inda Dokta East da Malam Abubakar Imam suke aikin talifi. Wanda ya gama yana iya zama malamin hakimi, ya rubuta haraji da jangali, ko ya riƙe rasit a kasuwa. To, amma cika aji shi ne babban aiki. Sai Sarki ya umarci uban ƙasa, uban ƙasa ya umarci hakimai, kowane hakimi ya kawo yaro kaza. Iyaye da yawa na ganin boko hanyar fita addini ce, wasu kuwa hannun noma kawai suke kishi, don da damina ta faɗi aji kan koma rabi. Akan ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi gabas almajiranci. Manyan gida da dama suka riƙa ba da ɗan bara ko maraya a madadin nasu, ba su ankara ba sai da waɗannan yara suka komo da alƙalami da albashi, suna rubuta harajin gidajen da suka bayar da su.

A ƙasar Gobir akwai wani abu ƙari. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba Gobirawa biyu, Sabon Birni a nan, Tsibiri a can. Can ma akwai makarantar Faransawa, wadda mutane ke kira lakwal, ita kuwa da Faransanci zalla ake koyarwa tun daga ajin farko. Saboda haka jikokin mutum guda sukan tashi da boko iri biyu, ba su iya karanta takardar juna, sai fa in an rubuta ta da ajami.

Midil kuwa guda ɗaya En'en Sakkwato ke da ita, a cikin birni. Makarantar kwana ce, En'e ke ci da yara, tana tufatar da su, kuma a nan ake shiga Turanci sosai. Daga cikinta manyan malaman ofis ke fitowa, da na Baitulmali, da na asibiti, da na daji, da na gona. Sir Ahmadu Bello ya koyar a cikinta daga 1931, bayan ya gama Kwalejin Katsina, har 1934 da aka naɗa shi Sarkin Rabah. Alhaji Shehu Shagari ya shige ta daga elementaren Yabo, ya wuce Kwaleji, wadda ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan ya komo ya koyar a cikinta. Shaihu Abubakar Gumi ya zo mata daga elementaren Dogondaji, ya zarce Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934 da malamai daga Sudan, aka mai da ita Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A auna wannan da halin yaron Gangara. Sai ya sami gidan da zai zauna a garin uban ƙasa shekara huɗu, sai ya yi fice cikin 'yan ajinsu, sai iyayensa sun yarda a tafi da shi Sakkwato, tafiyar kwanaki a ƙasa ko bisa jaki, ba sa ganinsa sai hutu. Ƙofa uku ke nan, kowace ta fi ta bayanta ƙunci. Ba ƙarancin basira ya rage 'yan gundumomin bakin iyaka cikin manyan ofisoshi ba, tsarin ne ya aje hawa na biyu a wuri guda.

Akwai kuma makarantu na gefe. Ta horon malaman elementare tana Maru, inda Malam Aminu Kano da Shaihu Gumi suka koyar tare a 1949. Makarantun 'yan mata an fara su a Kano da Katsina a 1930, aka buɗe wurin horon malamai mata a Sakkwato a 1939. Amma dai wannan rabon birni ne, ko da yake a ƙasar nan Nana Asma'u ta aika jajis suna karantar da matan ƙauye tun cikin ƙarni na 19.

A farkon shekarun 1950 aka rushe Midil, aka kawo ƙaramar firamare ta shekara huɗu, da babbar firamare, da sakandaren lardi. A lokacin ne kuma aka shiga Yaƙi da Jahilci, ajin manya na yamma, wanda shi ne boko na farko da ya isa ƙauyuka da yawa. A 1976 abu biyu suka zo tare: aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa, aka kuma rushe En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta. Sai ga firamare a garuruwan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Aka ƙara makarantun 'ya'yan makiyaya, da hukumarsu da aka kafa a 1989, sa'an nan makarantar almajirai ta zamani da aka buɗe a Gagi ta Sakkwato a 2012, mai haɗa allo da boko. Sabon Birni da Isa kowace ƙaramar hukuma ce a yau, da sakandarenta a gida.

Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Jihar Sakkwato, Gangara na cikin garuruwan da abin ya taɓa. Dubban mutane suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maradi, malamai suka bar ƙauyuka, azuzuwa da dama suka zauna babu kowa. Iyalan da suka gudu zuwa Sabon Birni da Isa da Sakkwato, a makarantun waɗannan garuruwa suka koma nema wa 'ya'yansu wuri.