Maki Ɗaya, Aiki Biyu: Martani ga Masu Neman a Soke Gwajin Cikin Zango

Ra'ayin da ya sa na ɗauki alƙalami ba baƙo ba ne a ɗakunan malamai na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, amma ban taɓa jin wanda ya shimfiɗa shi da hujja kamar wani dattijon malami da ya koyar da ni ba. Ba zan ambaci sunansa ba, zan riƙa ce masa Malam, Allah ya ƙara masa lafiya. A wurin Malam, gwajin cikin zango da ɗalibai ke kira si'e ƙarya ce da aka yi wa layi a takarda. Malamai ba sa yin sa, cike gurbinsa suke yi ana gobe za a miƙa sakamako. Don haka a soke shi, a koma jarrabawa guda ta ƙarshe, wadda baƙo zai tsara, baƙo ya tsare, baƙo ya duba. Ina ganin Malam ya gano cutar sarai, maganin da ya rubuta ne nake shakka.

Tarihin abin sananne ne, ba sai an ja shi ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ce ta ce a riƙa gina sakamakon ɗalibi, duka ko wani ɓangare, a kan aunawa a-kai-a-kai. Tsarin 6-3-3-4 ya kawo ta aji a 1982, kuma tun jarrabawar kammala babbar sakandare ta 1988 ake ware wa makin makaranta kashi 30, jarrabawar hukuma ta ɗauki 70. NECO da aka kafa a 1999 ta bi sawun WAEC a kan haka. Abin da Dore (1976) ya kira cutar takardar shaida shi ake gudu: yaro ya shekara shida yana karatu, a yanke masa hukunci da abin da ya tuna cikin awa biyu.

Hujjar Malam ta farko lissafi ce, kuma ba ni da ta cewa a kanta. Manufar Ilimi ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare, 40 a sakandare. Mu ɗauki misali, ba ƙididdiga ba: malamar Turanci a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo tana da aji biyar, kowanne da yara 80. Takarda 400 ke nan a gwaji guda. In ta ba kowace takarda minti uku, ta ci awa 20, kuma ana son gwaji biyu ko uku kafin jarrabawar zango. Wannan mata tana da gida, tana da goyo, wataƙila ma malamar wucin gadi ce ta shirin J-Teach da alawus ɗinta bai taka kara ya karya ba. Me za ta yi? Za ta duba littafin rubutu, wanda ya kwafe darasi tsaf ta ba shi 8 cikin 10, wanda ba ta gane fuskarsa ba ta ba shi 5. Layukan bayan katin sakamako kuwa, inda aka ce a auna tsafta da ladabi da gaskiya da ƙwarewar hannu bisa rabe-raben Bloom da abokan aikinsa, ko malaman da suka fi kowa tsoron Allah da ka suke cike su.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, don ba ta ɗauke ko da an rage yawan yara. Malam ya ce malamin ƙauye ba zai iya zama alƙalin ɗalibinsa ba. A gari kamar Gwiwa ko ƙauyukan Roni, uban yaron nan shi ne mai unguwa, ko limamin da malamin ke bi salla, ko mai shagon da ke ba shi bashin hatsi kafin albashi. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Kara da alkunya, waɗanda muke yabo a ko'ina, a nan su ne ke lanƙwasa jan biro. Ga kuma shugaban makaranta da ba ya son a ce yaransa sun zube. Inda ake raba maki 40 da 60, yaron da aka yi wa kyautar 35 a si'e maki 5 kacal yake nema cikin 60 ya haye 40. Haka zai yi ta hayewa har aji uku na ƙaramar sakandare bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba.

Ba na jin wannan halin Bahaushe ne kawai, kuma ya kamata a faɗi haka don kada a mai da shi zagin malamanmu. Da annobar korona ta hana jarrabawa a Ingila a 2020 da 2021, aka koma ga makin da malamai suka bayar, masu samun daraja ta sama a jarrabawar shiga jami'a sun tashi daga kusan kashi 25 cikin ɗari a 2019 zuwa sama da 44 a 2021. Can babu aji mai yara 80, babu mai unguwa. Duk inda aka ce wa mai koyarwa makinsa ne zai buɗe wa ɗalibinsa ƙofa ko ya rufe, hannunsa zai karkata. Campbell (1976) ya riga ya faɗi wannan game da kowane ma'auni da aka rataya wa hukunci.

To ina muka rabu da Malam? A kan zaton da ke ƙarƙashin maganarsa, wato cewa amfanin aunawa guda ne, a san wa ya ci wa ya faɗi. Tun Scriven (1967) aka bambance aunawar da ake yi don gyara ana cikin tafiya da wadda ake yi don ba da shaida bayan an isa. Kuskuren da aka yi a 1982, a fahimtata, shi ne ɗora wa maki ɗaya aikin nan biyu. An ce wa malami ya gwada yaro don ya gano inda yake tuntuɓe, sannan aka ce abin da ya gano za a tara shi a sakamako. Daga ranar nan yaro ya daina nuna rauninsa, malami ya daina neman sa. Wanda ya san kuskurensa zai zama hujja a kansa, ɓoye shi zai yi, ko ya leƙa takardar na kusa da shi.

Abin mamaki, ba sai mun je Turai neman misalin raba ayyukan nan ba, yana nan a tsangayun da ke zagaye da makarantun bokon namu. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malaminsa, malamin ya gamsu ya kiyaye. In ya yi gyara a mayar da shi, gobe ya dawo. Wannan aunawa ce ta kullum, ta fi kowace si'e yawa, amma babu lamba a cikinta, babu na ɗaya babu na arba'in, kuma babu uban da ke zuwa roƙon a bar ɗansa ya wanke allon da bai iya ba, don ya san kansa zai cuta. A wajen darasu, gardi ya kawo satunsa a bi shi wasali-wasali a gaban jama'a, ba ya jin an tozarta shi. Amma in aka zo maganar shaida, ba malaminsa kaɗai ke cewa wane ya zama gwani ba, sai sauran alarammomi sun ji sun sallama. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986 ma alƙalai take zaunarwa, ba malamin mai karatu ba. Ba ina cewa a kwafo tsangaya a kai aji ba ne. Hadda daban, lissafi da kimiyya daban, kuma bulalar da ke rakiyar wancan tsari ba abin sha'awa ba ce. Abin ɗauka shi ne rabon aikin: na kusa ya yi gyara, na nesa ya yi shaida.

Akwai binciken da ke mara wa wannan baya, ko da yake ba a ƙasarmu aka yi shi ba. Butler (1988) ta raba yaran aji biyar da shida gida uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu bayanin gyara kawai, wasu duka biyun. Waɗanda suka sami bayani kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kawai ba, kamar dai lambar ta haɗiye bayanin. Black da Wiliam (1998) sun tattara bincike masu yawa da ke nuna cewa aunawar gyara tana ɗaga ƙoƙarin ɗalibai, musamman na baya. Duk wanda ya taɓa raba takardun gwaji ya ga haka da idonsa: yaro ya kalli lambar da ke sama, ya tambayi na kusa nawa ya ci, ya ninke takardar. A gida ma tambaya ɗaya ce, na nawa ka zo?

Sannan jarrabawar baƙon da Malam ke ɗauka tsarkakakkiya, ita ma ba a rasa ta da tabo. A ranar 28 ga Mayu 2025 ɗalibai a jihohi da dama sun rubuta Turancin WAEC da dare, da fitilar waya, saboda tambayoyin sun fita kafin lokaci. A watan Agusta hukumar ta sanar cewa kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen dubawa, ta mai da shi 62.96. A shekarar dai JAMB ta sake wa mutum 379,997 jarrabawa saboda tangarɗar na'ura. Ba a ma zo kan satar amsa ba. Ga kuma abin da ya shafi yankinmu kai tsaye. Zangon farko yana faɗawa cikin kaka, lokacin yankan gero da cirar gyaɗa da riɗi, kuma lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Zango na uku yana cin karo da shuka da noman farko. Malam zai ce shi ya sa si'e ba ta yiwuwa, yara ba sa zuwa. Ni kuwa na ga akasin haka: yaron da zuwansa ke yankewa shi ya fi cutuwa in aka rataya shekararsa a kan safiya guda.

A nan dole in rage faɗin da'awata. Da na fara rubutun nan niyyata in kare aunawar cikin makaranta a dukkan matakai, amma hujjojin da ke hannuna ba su kai can ba. A babbar sakandare, inda kiredit biyar ke raba mai shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021 da mai zama a gida, ina jin Malam ya fi ni gaskiya. Kashi 30 ɗin da makarantu ke aika wa hukumomi ba ya gyara kowa, don ana aika shi ne bayan an gama koyarwa, kuma ba ya shaidar komai, don kowace makaranta da mudunta. Jihohi ma sun nuna ba su yarda da shi ba. Da sun yarda, da Jigawa da Kano ba su riƙa shirya jarrabawar kwalifayin ga 'yan aji biyu don zaɓen waɗanda za a biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe ba, makin shekara biyu da ke cikin rajista ya isa. In an rage wannan kaso, ko aka cire shi, ba zan yi kuka ba.

Inda ba zan sallama ba shi ne firamare da ƙaramar sakandare, shekara taran da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta. A nan babu wanda ake tacewa, kowa wucewa zai yi, don haka jarrabawar ƙarshe ba ta da abin da za ta tsare. In aka soke gwajin cikin zango a wannan mataki, an toshe kafa ɗaya tilo da za a gane cewa yarinyar da ke aji huɗu ba ta haɗa baƙi da wasali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake ba da shawara shi ne a cire lambar, a bar gwajin, kuma a sauƙaƙe shi yadda mai yara 80 za ta iya. Tsarin koyarwa daidai da matakin yaro, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro kuma aka gwada a wasu jihohin Arewa, da baki yake aunawa cikin 'yan mintuna: wannan yana gane harafi, wannan kalma, wannan yana karanta sakin layi, wannan labari. Ba a tara shi a sakamako, don haka babu mai unguwar da zai zo neman alfarma, kuma malamar ba ta da ribar yin ƙarya, tunda da shi za ta raba yaran rukuni-rukuni gobe da safe.

Da na kai wa Malam wannan bayani, bai musa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: in babu lamba a katin, me jami'in da ya zo duba makaranta daga ƙaramar hukuma zai sa wa hannu, kuma me zan ce wa uban da ya sayar da tiya biyu ta gero ya ɗinka wa ɗansa kayan makaranta, ya zo yana tambaya na nawa ya zo? Na farkon aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne, ita ta buga fom ɗin, ita za ta iya sauya shi. Na biyun na ce masa a miƙa wa yaron littafi ya karanta wa uban shafi ɗaya a tsaye. Malam ya yi dariya, ya ce uban zai saurara har ƙarshe, ya sa albarka, sannan ya sake tambaya na nawa ya zo.