Bakin Tekun da Muke Kai Ɗalibai Su Gani

Nijar ba ta da teku, amma duk malamin ilimin duwatsu a ƙasar nan ya san inda zai kai ɗalibansa su tsaya a bakin teku. Shekaru miliyan 60 da suka wuce, ruwan gishiri ya ratso Sahara ya kwanta a kwarin da muke kira Iullemmeden, daga Mali har Sakkwato. Ya janye ya bar farin dutse cike da ɓawon dabbobin ruwa, wanda masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa.

Taswirar da muka gada aikin Faransawa ce. Jacques Greigert ya fitar da bayanin duwatsun kwarin a 1966, shi da Pougnet kuma suka zana taswirar ƙasar baki ɗaya. Ko da aka buɗe jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970, sawunsu malamai suka bi: a ɗauki titin Dosso, a yada zango a Dogon Dutsi, sannan a miƙa Adar.

Sau da yawa a Dogon Dutsi ɗalibi kan tambaya, "Malam, me ya tsayar da mu a nan, alhali ba ko ɓawo ɗaya?" Gaskiyarsa. Tuddan wannan yanki na Arewa ba na teku ba ne. Yashi da laka ne da koguna suka zubo bayan teku ya tafi, abin da Conrad Kilian ya raɗa wa suna Continental terminal a 1931, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma ke kira shimfiɗar Gwandu. To ai dalilin tsayawar ke nan. A gindin tudu sai ka sa yaro ya murza jan dutsen da yatsa, ya ga yana marmashewa. Ya hau sama ya tarar da marmara baƙa-baƙa, guduma na tsalle a kanta. Daga can zai hango tuddai duk kansu ɗaya, a baje, kwarin Dallol Mawri kuma ya tsaga tsakaninsu ya gangara wajen Tibiri. Nan take zai gane da can fili guda ne, ruwa ya cinye.

Masu ginan rijiya ma malamanmu ne. Su ke faɗa maka cewa a cikin dallol gaba kaɗan ka taɓo ruwa, a kan fako kuwa sai igiya ta yi tsawo.

Yau ba taswira kaɗai ke zaɓar mana wuri ba. Akwai kuɗin mai, akwai damina, akwai rashin tsaro a kan iyaka. Kuma a Arewa ba a kai guduma kan kowane dutse sai an gaida maigari; a Lugu, garin Sarauniya, dutsen Tunguma shari'a ake yi da shi. A ganina, ko kuɗi sun kasa kai ɗalibai Malbaza, kada a soke zangon Dogon Dutsi.