Ranar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar runduna

A Maruta, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, mun taso muna jin labarin jihadin Shehu Usmanu a matsayin jerin nasarori: hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙin Tafkin Kwatto a shekarar, faɗuwar Alkalawa a 1808. Akwai wani babi da ba a cika karantar da mu ba, alhali ya shafe mu kai tsaye, domin a Kano ya faru, kuma yankinmu ƙasar Kano ne har ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

Wajen 1807, runduna na kan hanyar Alkalawa, sai Malam Abdullahi, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya janye jikinsa tare da 'yan abokai kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka. Ba tsoro ne ya kore shi ba, don shi ya jagoranci yaƙin Kwatto. Dalilinsa ya rubuta shi da kansa a Tazyinul Waraƙat: yawancin abokan gwagwarmayarsa na farko sun yi shahada, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa hankalinsu ya koma kan mulkin garuruwa, tara ƙwarƙwarori, tufafi masu tsada da dawakin sukuwa a cikin gari. Abin lura shi ne mutanen nan suna salla, suna azumi, suna ɗauke da tutar addini. Da wuya a sami wanda a cikinsu yake ganin kansa a matsayin mai neman duniya.

Wannan cuta malaman tasawwufi sun daɗe da sa mata suna. Riya ita ce yin ibada don mutane su gani. Ujubu shi ne mutum ya burge kansa da aikinsa. Gururi, wato ruɗin kai, ya fi su haɗari, saboda mai riya ya san akwai 'yan kallo, amma wanda ya ruɗu yana rantsuwa da zuciya ɗaya cewa don Allah yake yi. Imam Gazali ya ware wa wannan babi guda a Ihya'u Ulumiddin, ya kasa ruɗaɗɗu gida huɗu: malamai, masu ibada, sufaye da masu dukiya. Ya san abin daga cikin gida. A 1095 ya bar kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, bayan ya binciki niyyarsa ya tarar son suna da ɗaukaka ne ke tuƙa ta.

Matsalar ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Addinin Buda ya ginu ne a kan koyarwar cewa abin da muke kira "ni" ba shi da tabbatacciyar haƙiƙa, duk da haka mabiyansa na fama da ita. Chögyam Trungpa, malami ɗan Tibet da ya koma Amurka, ya wallafa littafi a 1973 yana gargaɗin cewa son kai na iya mayar da bimbini da zuhudu su zama kayan ado da mutum ke tarawa. Shi kansa ya mutu a 1987 bayan shekaru na yawan shan giya. Sanin sunan cuta bai warkar da kowa ba.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ƙa'ida mai kama da wannan: ba a barin wanda ya rubuta shiri ya zama shi kaɗai zai duba shi, domin idon da ya yi kuskuren shi ne zai tsallake shi. Malam Abdullahi bai kai Makka ba. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, sai ya ga abin da ya gudo wa ya riga shi zuwa. Jama'ar gari suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya koma wurin yayansa. Mutumin da ya tashi don ya tsira da kansa, sai ya ɓuge da rubuta ma'aunin da wasu za su iya auna shugaba da shi, ba tare da an dogara da abin da shugaban yake ji a ransa ba.

Jarrabawar ta zo masa shi ma. Da Shehu ya rasu a 1817, aka naɗa Muhammadu Bello, ɗan yayansa, Sarkin Musulmi, tsakaninsu ya yi sanyi na 'yan shekaru. Sai da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina suka sulhunta, baffa ya yi wa ɗa mubaya'a. Ya rasu a 1829.

Yau tutar ta koma cikin wayoyinmu. Muna ɗora hoton Umara a Facebook, muna ƙirga waɗanda suka kalli wa'azinmu a TikTok, muna ce wa kanmu da'awa ce. Wataƙila ita ce. Amma kowannenmu zai iya tambayar kansa ko yana da mutum ɗaya, malami ko aboki ko uwa, wanda zai ce masa ya kauce, ya kuma saurare shi ba tare da ya fara neman hujja ba.