Daga Ƙashin Akuya Zuwa Laba: Tarihin Arahar Ɗan Lido

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ɗan lido ya tashi daga matsayin abu mai wuyar samu ya koma hajar da ake aunawa a sikeli, da kuma abin da wannan araha ta jawo. Za a fi mai da hankali ga wasannin labari na kan tebur da suka samo asali a Amurka, watau waɗanda 'yan wasa kan zauna kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya yana jan labarin, ɗan lido kuwa yana yanke hukuncin nasara ko faɗuwa.

Asali

Tun da daɗewa mutane ke neman abin da zai raba gardama ba tare da son kai ba. Mutanen da sun yi amfani da ƙashin idon sawun tumaki da awaki, wanda kan faɗi a ɗayan fuskoki huɗu. A birnin Ur na ƙasar Iraƙi ta yau, Leonard Woolley ya tono wani allon wasa na wajen shekara 2600 kafin Miladiyya, tare da 'ya'yan lido masu siffar dala. A Masar kuma an sami masu fuska 20 ɗauke da haruffan Girkanci. Shi kansa lido, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896, daga wasan pachisi na Indiya ya fito, inda wuri ake jefawa, kamar dai yadda Hausawa suka yi caca da wuri.

Masana lissafi na Girka sun tabbatar da cewa siffofi biyar ne kaɗai ke da fuskoki da kusurwoyi iri ɗaya sak: masu fuska 4, 6, 8, 12 da 20. Wannan daidaito shi ne sirrin adalcin ɗan lido, domin babu fuskar da ta fi wata damar bayyana.

Zamanin Ƙarancin Kaya

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a ƙarƙashin kamfanin TSR da ke Lake Geneva, a jihar Wisconsin. Bugun farko kwafi 1,000 ne. Wasan na bukatar dukan siffofin nan biyar, alhali a lokacin masu sayar da kayan koyar da lissafi ne ke da su. Robarsu mai taushi ce, ba ta jimawa sai kusurwoyinta su cinye. Mai fuska 20 kuwa lambobinsa daga 0 zuwa 9 ne sau biyu, sai ɗan wasa ya shafa wa rabinsu launi don ya bambance 7 da 17. Ƙarancin ya kai ga cewa a ƙarshen shekarun 1970 wasu akwatunan wasan sun fito da 'yan guntayen kwali masu lamba, a zuba su a kofi a zaro, a madadin ɗan lido. A wajen 1980 ne mai fuska 10 ya shiga kasuwa, daga bisani kuma jerin guda bakwai ya kafu: siffofin nan biyar da masu fuska 10 guda biyu, waɗanda ake haɗawa don fitar da lamba daga 1 zuwa 100.

Zamanin Araha

Yaɗuwar wasan ta sa masana'antu suka shiga zuba narkakkiyar roba a cikin mazubi, dubbai a lokaci ɗaya. Bayan zubi sai a shafe su da fenti, sa'an nan a juya su cikin ganga tare da abin goge har fentin ya fita, ya rage a cikin ramukan lambobi kawai. Ta haka farashi ya faɗi, har kamfanin Chessex ya riƙa sayar da su a jaka bisa nauyi, laba ɗaya, watau wajen giram 454, mai ɗauke da kusan guda ɗari masu launi da siffa barkatai. A yau mafi yawan masu arha daga masana'antun Sin suke fitowa.

Sai dai Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Gogen nan na ganga ba ya cin kusurwoyi daidai da daidai, kuma iska kan maƙale a cikin robar, ta sa wani gefe ya fi wani nauyi. Lou Zocchi, mai kamfanin GameScience, ya daɗe yana wannan suka, shi ya sa ya riƙa ƙera nasa da kaifin baki ba tare da goge ba. Gidajen caca ma irin masu kaifin baki suke amfani da su, domin can ƙaramin karkata kan zama asarar dukiya. 'Yan wasa kuwa suna da gwajinsu mai sauƙi: a jefa ɗan lido a ruwan gishiri mai kauri har ya yi iyo, a yi ta juya shi. Idan fuska ɗaya ce ke ta dawowa sama, to nauyinsa bai daidaita ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa araha ta buɗe ƙofar wasan ga wanda a da sai dai ya yi aro, amma ta ɗan rage adalcin da ya sa aka ƙirƙiro ɗan lido tun farko. Ga masu wasan labari, wannan naƙasu bai taka kara ya karya ba, domin da ƙyar ake lura da shi a jifa kaɗan na dare ɗaya. Amma malamin da ya sayo laba guda don koyar da lissafin yiwuwa, inda ɗalibai za su yi jifa ɗaruruwa suna rubuta sakamako, wajibi ne ya gwada kayansa tukuna, kada aibin roba ya sa yara su zargi ƙa'idar lissafi.