Bijimi, Sharo da Bindiga: Me Ya Sauya a Dajin Rugu?

Manomin Batsari ya daɗe da sanin cewa bijimin da aka dandaƙe yakan yi sanyi har ya ja garma. A 1849 Arnold Berthold ya fiɗiye zakaru a Jamus, suka daina cara da faɗa. Da ya dasa musu maraina, halinsu ya dawo. A 1935 aka gano sinadarin da ke wannan aiki, aka sa masa suna testosteron. Tun daga nan ake ɗora masa alhakin zafin zuciyar maza.

Zargin yana da ƙamshin gaskiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake tuhuma da kisan kai maza ne. Sai dai bincike ya nuna mata ma suna fushi kamar maza. Wajen kai hannu aka bambanta. A wani gwaji na 2010 a Zurich, matan da aka bai wa testosteron sun ma fi adalci wajen rabon kuɗi. Don haka masana da dama ke ganin neman girma sinadarin yake zugawa, al'umma kuwa ita ke yanke abin da ke kawo girman.

Tarihin yammacin Katsina ya gaskata wannan. A ƙarni na 19, zamanin hare-hare tsakanin Katsina da Maraɗi, namiji a ƙasar Ruma shi ne mai doki da mashi. Bayan zuwan Turawa a 1903 yaƙin ya lafa. Saurayin Bafulatani kuwa a fagen sharo yake nuna mazantaka: ya sha bulala bai ko motsa ba, wato jarumi shi ne mai haɗiye zafi. Yau a dajin Rugu bindiga ce ke sa a ji maganar yaro. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar da ke Batsari. A Afrilu aka kashe 47 a Safana, Ɗanmusa da Dutsinma.

Jinin samarin nan bai sauya ba. Garken da ke aurar da saurayi ne satar shanu ta kwashe, noma ya cinye burtali, kuɗin fansa ya fi kiwo saurin kawo suna. Sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya ƙulla a 2019 bai shekara ba ya wargaje. Duk sulhun da zai karɓi bindiga daga hannun saurayi, bai ba shi wata hanyar zama mutum a idon tsaransa ba, zai wuya ya ɗore.